Alhaji Casa'in da Biyar

Idan ana lissafa manyan mutane tsakanin Boɗinga da Shagari, da Alhaji Mainasara dillalin albasa ake farawa, da shi kuma ake rufewa, domin shi ma haka yake lissafin. Allah ya yi masa baiwar zama na ɗaya a komai. Shi ya fara kai albasa Kudu a tirela, in ji shi. Shi ya fara sa baƙin tabarau a kasuwar Boɗinga, ranar da ake tsuga ruwan sama. Ko atishawa ya yi, sai ya waiwaya ya ga ko akwai wanda ya taɓa yin irinta.

Shekara goma sha huɗu yana shugabancin ƙungiyar dillalan albasa. Ba wai an hana zaɓe ba ne. Duk ranar zaɓe shi ke buɗe taro da jawabi, kafin ya kai ga "a taƙaice" an kira la'asar, kowa ya nemi buta. A gabansa Shugaba ake ce masa, a bayansa Lasifika. Ya san da sunan na biyu, ya kuma ɗauke shi a matsayin yabo.

Bara, bayan an kwashe albasar rani, tari ya kama shi. Da farko ya ce ƙarfin huhu ne ya yi masa yawa. Da tarin ya fara zuwa da jini, 'yarsa Zulaihatu, malamar firamare a Shagari, ta ajiye alli ta sa shi a mota sai wani babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi sikanin, aka zura allura aka tsakuro 'yar tsoka daga huhunsa. Bayan kwanaki likitar da ke duba shi, Dakta Basira, ta zaunar da su ta gaya musu gaskiya. Sankarar huhu ce, ta kuma yi nisa.

Ranar, daga Sakkwato har Boɗinga bai ce uffan ba. Sai da suka tsaya a ƙofar gida ya dubi 'yarsa.

"Zulai, ni da ko karan taba ban taɓa riƙa ba?"

Sai hawaye ya zubo mata.

Kwana goma sha biyu garin ya yi tsit. Waɗanda suka shekara suna roƙon Allah ya sa ya yi shiru sai ga su suna leƙa zaurensa suna fitowa jiki a sanyaye. Ashe shirun Alhaji ya fi surutunsa nauyi.

A rana ta goma sha uku suka koma asibiti. Dakta Basira mace ce mai magana a hankali, tana zana abin da take faɗa a bayan kati. Ta ce akwai wani magani da ake ƙarawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Shi ba ya kashe cutar da kansa, sojojin garkuwar jikin mutum yake farkarwa su yi aikin. Sai dai ba kowa yake yi wa aiki ba, shi ya sa aka tura tsokar nan gwaji biyu, a nemi alamun da ke nuna wanda maganin zai karɓa da wanda ba zai karɓa ba.

"Na farkon ya fito," in ji ta. "Wata alama ce da ake kira Fi-Di-El-Wan. A tsokarka ta kai casa'in da biyar cikin ɗari. Sau da yawa idan lambar ta yi sama haka, maganin yakan yi aiki sosai. Amma sai mun jira gwaji na biyu, don shi yana iya sauya komai."

Kunnen Alhaji ya tsaya a "cikin ɗari". Sauran maganar ta wuce ta samansa ta fita ta taga.

"Likita, casa'in da nawa?"

"Da biyar."

"Cikin ɗari?"

"Cikin ɗari."

"To a asibitin ga, wa yaf fi ni?"

"A bana dai ban ga wanda ya kai haka ba, amma Alhaji…"

Ya riga ya miƙe. Ya gyara zaman malum-malum, ya miƙa hannu ya karɓi takardar da hannu biyu kamar ana ba shi sandar girma. Mutumin da aka shigo da shi ana riƙe da gwiwar hannunsa, shi ne ya fita yana gaba, Zulaihatu na bin sa da takalminsa ɗaya da ya manta.

Kafin azahar ta washegari an kwafi takardar kofi arba'in. Ta ainihin aka sa ta a gilashi, aka rataye a zaure, aka sauko da hoton mahaifinsa ƙasa kaɗan don a samu wuri. Tela ya kwana biyu yana ɗinka masa hula da lamba 95 a goshi, da zaren ruwan gwal. A bayan motocinsa biyu na dakon albasa aka goge "Sai Haƙuri", aka rubuta "Casa'in da Biyar Ba Wasa Ba". Ranar Asabar aka yanka sa, aka kafa rumfa, aka jona lasifika ta gaske.

"Jama'ar Boɗinga da Shagari," in ji Shugaba, "an ɗauki naman jikina an kai birnin Ikko. Masana sunka taru kanshi. Sunka duba, sunka sake dubawa, sunka kira manyansu. Casa'in da biyar! Ni ba ni son yabon kai, kun sani. Amma ku tambayi ɗiyanku masu digiri, wa yat taɓa kawo casa'in da biyar gida? Ko Zulai da ni biya ma makaranta, saba'in ta rinƙa kawowa muna mata barka. Biyar ɗin da ta rage kuwa, na bincika, hanya ta cinye ta. Tsoka ta yi tahiya mai nisa cikin zahi."

Aka yi tafi, domin nama ya nuna. Zulaihatu ta matso ta raɗa masa cewa likita ta ce a jira gwaji na biyu.

"Na biyu na waɗanda sunka hwaɗi na hwarko na," in ji shi, ya manta bakinsa na kan abin magana.

Daga ranar sunansa ya koma Alhaji Casa'in da Biyar. Ya daina gaisawa da mutane da "ina kwana". Da "kai nawa gare ka?" yake tarbar su. Wani mai ciwon suga ya ce nasa ɗari uku ne, Alhaji ya ɓata rai ya ce wannan ba jarrabawa ɗaya ba ce.

Ranar da aka ba shi don jin sakamako na biyu, ya isa asibiti da hularsa da rakiyar mota biyu. A kan bencin jira ya tarar da wani siririn dattijo, manomin gero daga Lambara, Malam Maniru, yana rungume da katinsa cikin leda. Shi ma sankarar huhun ce. Ya shekara talatin yana shan taba, ya kuma shekara biyar da tuba. Wani shirin bincike na asibitin ne ya ɗauki nauyin maganinsa.

"Bawan Allah, kai nawa gare ka?"

Malam Maniru ya lalubo takarda. "Sun ce biyar, ranka shi daɗe."

"Biyar da mi?"

"Biyar kawai."

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi da tausayi na gaske. Ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka ɗauki abin ga rai. Ba kowa aka halitta don sama ba. In anka ɗaura mani nawa ruwan, zan hwaɗa masu in akwai ragowa a ƙasan leda su ɗiga maka."

"Allah shi saka da alheri," in ji Malam Maniru, wanda aka riga aka ɗaura masa nasa sau biyu, haɗe da wani maganin na daban.

Aka kira Alhaji. Ya shiga yana naɗe hannun riga, yana neman gadon da za a kwantar da manya. Dakta Basira ta ɗago kai, ta ga hular, ta sunkuyar da kai, ta ɗan jima tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Alhaji, wannan lambar da ke kan hularka, ka san ta wane ne?"

"Tawa ta. Ga sunana bisa takarda."

"Ta cutar ce. Ƙwayoyin sankara suna da wata riga da suke sakawa don sojojin jiki su wuce su ba su gane su ba. Gwajin nan ƙirga masu rigar yake yi. A cikin kowace ɗari da ke huhunka, casa'in da biyar sun iya ɓuya. Iyakar abin da takardar ta ce ke nan."

Zulaihatu ta toshe baki da mayafi. Ita kanta ba ta san ko dariya ce ke zuwa ko kuka ba. Sa guda, rumfa, kofi arba'in da zaren gwal, duk an yi su ne don taya cutar murnar iya ɓuya.

Amma Shugaba ba ya faɗuwa a zagaye na farko.

"To ai ko cuta ta san gidan da ta shiga," in ji shi. "Dole ta yi shiri. A ɗaura ruwan."

"Ba za a ɗaura ba. Gwaji na biyu ya nuna cutarka tana da wani canji a ƙwayar halittarta, ana kiran sa I-Ji-Ef-Ar. An fi samun sa ga waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Masu irinsa, ko lambarsu ta yi sama, da wuya ƙarin ruwan ya yi musu aiki. Amma wannan labari ne mai daɗi, Alhaji. Akwai ƙwaya da aka yi musamman don wannan canjin. Guda ɗaya kullum, a gida, da ruwa."

Ta ɗora 'yar kwalba a kan tebur. Ya dube ta kamar an ajiye masa mataccen ɓera.

"Ƙwaya? Irin ta ciwon kai?"

"Ba ta ciwon kai ba ce."

"Wancan na Lambara mai biyar a kwantar da shi bisa gado, a rataya mashi leda, nas-nas suna kaiwa suna komowa, ni mai casa'in da biyar a ce in tahi gida in haɗiyi ƙwaya a tsaye? To a ba ni duka biyun. Ruwan don jama'a, ƙwayar don ke."

"Idan na fara maka da ruwan, daga baya na ba ka ƙwayar, huhunka na iya kumbura har numfashi ya gagara. Ba zan yi ba."

"Ɗiyata," in ji shi yana miƙewa, "karatunki bai kai lambata ba."

Ya fita. Zulaihatu ta ɗauki kwalbar ta sa a jaka, ta ba likita haƙuri sau uku a bakin ƙofa.

A gida ya sanar da cewa an ɗage ƙarin ruwan, saboda irin wanda ya dace da lambarsa ba a gama haɗa shi ba a ƙasar waje. Kwalbar kuwa ya hana a buɗe. Zulaihatu ta roƙe shi da girman Allah, ta kawo liman, ta kawo aminansa. Kowa ya zo sai ya nuna masa takardar da ke bango ya ce ya karanta da ƙarfi. Ta gwada murƙushe ƙwayar cikin fura, sai ta tuna likita ta hana, ta zubar da furar tana kuka.

Mako uku aka yi a haka. Malum-malum ta fara yi masa yawa. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu, ya ce bango yake dubawa ko ya tsage.

Sai taron shekara na ƙungiya ya zo, a Shagari. Aka miƙa masa abin magana kamar kullum. Masu dabara har sun ɗaura alwala tun a gida.

"Jama'a," in ji shi. Ya ja numfashi. "Jama'ar…"

Ya sake ja. Babu abin da ya zo sai wani siririn fito daga ƙirji, lasifika ta ɗauka ta watsa wa kasuwa. Ya riƙe tebur, tari ya sarƙe shi, hular ta faɗo ta gangara ƙarƙashin benci. Aka zaunar da shi ana masa fifita. Dillalai suka dubi juna, suka dubi rana, suka ga ko sha ɗaya ba ta yi ba. Wani ya ce cikin ladabi tun da akwai lokaci, ko a yi zaɓe? Ba don sakatare ya ce a jinkirta saboda rashin lafiyar Shugaba ba, da an yi. Aka sa wata uku.

Da yammacin ranar Alhaji na kwance a zaure sai aka yi sallama. Malam Maniru ne, a kan keke, tun daga tasha, da damin rake a baya. Kumatunsa sun ciko. Ya jingine keken, ya sauke damin da kansa, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, na ji abin da yaf faru na ce in zo in gaishe ka."

Alhaji ya ɗago kai da ƙyar. "Kai… ba kai na… mai biyar ba?"

"Ni na. An sake hoto, sun ce abin ya ragu ƙwarai. Na tambayi likita yaya anka yi ga ni da biyar. Ta ce lambar nan nuni takan yi, ba alkawari ba. Wani mai ƙarama shi samu sauƙi, wani mai babba shi rasa. Ban gane duka ba. Ni dai abin da ta ba ni shi nika sha."

Ya yi addu'a mai tsawo, ba tare da ya tsaya jan numfashi ko sau ɗaya ba. Wannan ne ya fi ƙona wa Alhaji rai.

Da baƙon ya tafi, Zulaihatu ta zo ta zauna kusa da kan mahaifinta. Ta gaji da maganar mutuwa, domin ta lura ba ta tsorata shi. Sai ta sake hanya.

"Baba, wata ukku sunka sa. In numfashin ga bai dawo ba, wani za shi buɗe taro."

Ya juya mata baya, ita kuwa ta ci gaba.

"An ce mataimakinka Abdulaziz na so. An ce minti biyar shika jawabi."

"Minti biyar?" Ya yunƙura ya tashi zaune. "Za shi kashe ƙungiya. Kawo abin ga."

Ya haɗiye ƙwayar da sharaɗi biyu: a rufe ƙofar zaure, kuma idan an tambaya a ce ƙarin ruwa ne aka busar don manyan da ba su da lokacin kwanciya.

Ikon Allah, kafin mako biyu tarin ya lafa. Kafin wata guda yana kaiwa masallaci ba hutu. Ƙuraje suka feso masa a fuska, waɗanda likita ta ce maganin kan kawo, shi kuwa ya ce ƙuruciya ce ke dawowa. Da aka sake sikanin, Dakta Basira ta nuna masa yadda ƙarin da ke huhunsa ya motse. Ta gaya masa a fili cewa ba warkewa ba ce, cutar takan koyi kauce wa ƙwayar wata rana, don haka duk bayan 'yan watanni za a riƙa dubawa, idan ta sauya a sake shiri. Zulaihatu ta rubuta komai. Alhaji kuwa idonsa na kan takardar gwaji na biyu, wadda bai taɓa yarda ya kalla ba sai ranar. Can tsakiyar Turancin ya hango lamba 19.

Bai tambayi kowa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, fuskarsa na haske.

Ranar zaɓe filin taro ya cika, har da waɗanda ba su taɓa sayar da albasa ba. Malam Maniru ma ya zo kallo, ya samu wuri a gaba kusa da tebur. Shugaba ya karɓi abin magana, ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya riƙe shi ɗan lokaci don kowa ya gani.

"Jama'ar Boɗinga da Shagari! Waccan lamba ta hwarko, na yahe ta, ta gida ta. Yanzu an auna ni da ma'aunin duniya. Ga takarda. Sha tara! A duk bayan ƙasa, da Turawa da Larabawa da Sinawa, mutum goma sha takwas kaɗai ag gabana, kuma an ce mahi yawansu tsohhi na. Na san akwai masu shakka. To ku ji daga bakin likita."

Zulaihatu, daga cikin rumfar mata, ta ɗaga hannu biyu tana girgiza kai. Bai gan ta ba, ko ya gan ta ya ɗauka jinjina ce. Ya kira lambar, ya manna wayar a bakin abin magana.

"Salamu alaikum, Alhaji," muryar Dakta Basira ta cika kasuwa. "Lafiya dai? Kai kaɗai ne? Ina jin hayaniya."

"Ni ɗai na, ɗiyata. Awaki na. Sha taran ga da ke bisa takardata, hwaɗa mani matsayinta."

"Ba matsayi ba ne, Alhaji. Lambar wuri ce a jikin ƙwayar halittar cutar, kamar lambar ɗaki. Kalmar da ke kusa da ita tana nufin gurbi. Wato a wuri na goma sha tara akwai wani yanki da ya kamata a ce yana nan, amma babu shi. Ya ɓace. Kana dai shan ƙwayar kullum ko?"

Ya kashe wayar da sauri, ya ajiye abin magana a kan tebur, amma kalmar "ƙwayar" ta riga ta kai har rumfar mahauta.

Filin ya yi tsit, kowa na cije leɓe yana duban ƙasa. A cikin wannan shirun ne wani tsohon dillali mai nauyin kunne, wanda ya zauna a gindin tebur tun kafuwar ƙungiya, ya karkato wajen Malam Maniru. A zatonsa raɗa yake yi. Abin magana na kwance a gabansa, a kunne.

"Allah shi yi ma yarinyar ga albarka. Shekara talatin muna hwaɗin akwai abin da yaɓ ɓace ma Alhaji. Wurin na ba mu sani ba sai yau."